Awon silinda: faɗi, tsayi da nauyi, da inda lissafin ke karkacewa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne ɗan aji biyar na sakandare a nan Daura. An ba mu wani guntun ƙarfe mulmulalle mai siffar silinda a ɗakin gwaji, aka ce mu fitar da bolum ɗinsa da densiti. Ni na samu densiti 2.9, abokina ya samu 2.5, alhali ƙarfe ɗaya muka auna, sikeli ɗaya muka ɗora. Wane awo da wane awo ya kamata a ɗauka, kuma wa ya yi kuskure a cikinmu?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka. Awo uku kacal kake bukata: faɗin bakin silindar, tsayinta, da nauyinta. Biyun farko su ne za su ba ka bolum, wato yawan wurin da ƙarfen ya cinye. Na ukun kuma, idan ka raba shi da bolum ɗin, ya ba ka densiti, wato nauyin da ke danƙare a cikin kowane santimita kubik na ƙarfen. Batun wanda ya yi kuskure kuwa, ina kyautata zaton ku duka biyun ne, kuma ko ban tsaya a kanku ba zan iya cewa da rula kuka auna faɗin. Bari in nuna maka dalili.

Ka ɗauki silinda tamkar fayafai ne masu girma ɗaya aka ɗora wani kan wani har suka yi tsayi. In ka san filin da faifai ɗaya ya rufe, ka kuma san tsayin tarin, ka gama. Filin da'ira shi ne π × r × r, inda r yake nufin rabin faɗin baki, π kuma 3.142 ne. Saboda haka bolum = π × r × r × h, h ɗin shi ne tsayi. Densiti kuma nauyi ne a raba da bolum. Dokar ke nan gaba ɗayanta, kuma ba ita ke kayar da ɗalibai ba. Yaro zai haddace ta cikin minti biyar. Abin da ke kayar da shi lambobin da ya zuba a cikinta ne.

Ka lura, ba a auna r kai tsaye. Babu wata alama a tsakiyar ƙarfe da za ta ce maka ga cibiya nan. Faɗin baki gaba ɗaya ake aunawa, daga gefe zuwa gefe ta wurin da ya fi faɗi, sannan a raba biyu.

To mu ɗauka guntun naku faɗinsa na gaskiya santimita 2.50 ne, tsayinsa 6.00, nauyinsa giram 79.5. Rabin faɗi 1.25 ke nan. 1.25 × 1.25 ya ba da 1.5625. Ka ninka da 3.142, ka sake ninkawa da 6.00, za ka samu santimita kubik 29.5. Raba 79.5 da wannan, densiti ya fito 2.70. Duk wanda ya saba da aikin, da ya ga 2.70 ya san alminiyam ne a hannunsa.

Yanzu ka ɗora rula a bakin wannan ƙarfen. Rula ba ta da abin da za ta kama gefe da shi, ido ne ke yanke hukunci, kuma in ta ɗan zame daga tsakiya faɗin zai ragu. Kai ka karanta 2.4, abokinka ya leƙa ta ɗaya gefen ya karanta 2.6. Milimita ɗaya ce kowannenku ya kauce, abin da bai kai kaurin ƙwayar gero ba. Amma da 2.4 bolum zai zama 27.1, densiti ya haura zuwa 2.93. Da 2.6 bolum zai zama 31.9, densiti ya faɗo 2.50. Ka ga lambobinku sun fito. In da a tsayi kuka yi wannan kuskuren na milimita ɗaya, kuka karanta 6.1 maimakon 6.0, densiti zai tsaya a 2.65 ne, kusa da gida.

Nan gizo ke saƙa. Faɗi yana shiga lissafin sau biyu, tunda ana ninka shi da kansa, tsayi kuwa sau ɗaya yake shiga. Kuskuren kashi 4 cikin ɗari a faɗi yana zama kashi 8 a bolum, kuma ya bi bolum ɗin ya shiga densiti. Ga shi kuma a yawancin abin da ake ba ku, faɗi ne ƙaramin awo, don haka milimita ɗaya ta fi yi mashi illa. Shi ya sa nake ganin malamin da ya ɓata darasi uku kan haddar doka, ya bar yara su taɓa baniya, wato abin awon faɗi mai matse abu a bakinsa, sau ɗaya ana gobe jarrabawar WAEC ko NECO, ya juya abin ne a baibai. Lokacin awo, rabinsa ya kamata ya tafi kan faɗi.

Baniya ita ce kayan aikin: tana da muƙamuƙan da ke kama abu, da babban ma'auni, da ƙarami mai zamewa a jikinsa. Wani Bafaranshe mai suna Pierre Vernier ne ya fito da dabarar a 1631, har yau kuma ita ce a aljihun kanikawa da masu gyaran inji. Irin wadda ke makarantu tana karanta har kashi ɗaya cikin goma na milimita, wato santimita 0.01. Kafin ka sa komai a bakinta, rufe ta ruf ka duba: sifirin ƙaramin ma'auni ya hau daidai kan sifirin babba? In bai hau ba, rubuta yawan saɓanin, domin za ka cire shi ko ka ƙara shi a kan duk abin da ka karanta daga baya. Baniyar da ta sha faɗuwa ƙasa a hannun ɗalibai da wuya ka same ta ba wannan saɓanin. Sannan ka buɗe ta, ka sa ƙarfen can cikin muƙamuƙan, kada ka maƙala shi a tsininsu, ka matse har ya kama amma ba da ƙarfi ba. Ka karanta lambar babban ma'auni da ke gab da sifirin ƙaramin ta hagu, a ce 2.5. Sai ka bi layukan ƙaramin ɗaya bayan ɗaya, ka nemo wanda ya yi tsaye cak da wani layi na babban. In na uku ne, awonka 2.53. In sifirin ne da kansa, 2.50, kuma ka rubuta sifirin ƙarshen nan, kada ka yar da shi, domin shi ke shaida cewa da baniya ka auna. Idonka ya kasance tsaye a saman layin. Leƙe daga gefe yana matsar da layi.

Kada ka auna wuri ɗaya ka tashi. Auna kusa da kai, auna tsakiya, auna kusa da gindi, kuma kowane karo ka ɗan juya ƙarfen. Babu silindar da ta fito daga hannun mutum ko inji cif-cif, wata ta ɗan baje, wata ta ɗan tsuke a gefe guda. Ka tara awon uku ka raba uku. In ka ga ɗaya ya yi nisa da 'yan'uwansa, sake shi, kada ka cusa shi cikin lissafi haka nan.

Abin da ya kai sirantar waya kuwa baniya ma ta yi mashi kaɗan, sai maikromita, wadda ke karanta milimita 0.01. Ita da ɗan maɓallin ƙarshe ake matse ta, har ka ji ta yi ƙas-ƙas, sai ka tsaya. Mai murɗa ta da ƙarfi yana lotsa wayar ne, ya auna abin da ya lotsa. In babu maikromita, naɗa wayar a jikin fensir zagaye 20 a matse, ba tazara, ka auna tsawon naɗin da rula, ka raba 20.

Tsayi ba shi da wahala. In gajere ne, baniyar dai. In dogo ne, rula ko tef sun isa. Abu biyu za ka kiyaye: bakin rular makaranta yakan cinye, don haka fara daga lamba 1 ka cire 1 a ƙarshe, sannan ka duba ko an yanke ƙarfen a karkace. In da zarto aka yanka shi, auna dogon gefe da gajeren gefe ka ɗauki tsakiya.

Nauyi kuma wanda ake faɗa da giram ko kilo ake so, ba wanda ake faɗa da niyuton ba. In abin da ke gabanku sikelin rataya ne mai nuna niyuton, raba da 9.8, ko da 10 in takardar jarrabawa ta ce haka, ka samu kilo. Sikeli ya zauna a kan teburin da bai karkace ba, ya nuna sifiri kafin a ɗora komai, ƙarfen ya zama busasshe, a kuma kashe fanka. Sikeli mai karanta giram 0.1 iskar fanka ma tana motsa shi, balle iskar hunturu in taga na buɗe. Sikelin kasuwa na auna nama ko buhu ba na wannan aikin ba ne, domin guntun giram 80 ko allurarsa ba zai motsa yadda za ka karanta ba.

Wani abin sha'awa a gefe: kilo ɗin da duniya ta yi ta dogara da shi daga 1889 har zuwa 2019 shi kansa silinda ne. Wani ɗan dunƙulen ƙarfe ne na filatinam da iridiyam da ke ajiye a garin Sèvres kusa da Faris, faɗinsa milimita 39, tsayinsa ma 39. Gwada lissafin da kanka: bolum zai fito kusan santimita kubik 46.6, ka raba giram 1,000 da shi, ka samu kusan 21.5. Abin da za ka rufe a tafin hannu, amma kilo guda cur.

Sai ma'aunai, inda ake asarar maki a banza. In faɗi da tsayi suna santimita, bolum santimita kubik ne, nauyi ya zama giram. In suna mita, bolum mita kubik ne, nauyi ya zama kilo. Kada ka haɗa faɗi a milimita da tsayi a santimita. Santimita kubik ɗaya daidai yake da mililita ɗaya, 1,000 ɗinsu lita guda, mita kubik ɗaya kuma lita 1,000 ne, ko santimita kubik miliyan ɗaya. Yara da yawa suna ɗauka 100 ne tunda mita santimita 100 ce, sun manta ɗarin sau uku ake ninka ta. In ana son amsa a kilo bisa mita kubik, ninka da 1,000 kawai: 2.70 ya zama 2,700.

Ka riƙe wasu lambobi a ka, domin su ne za su tsawata maka in lissafi ya ɓace. Ruwa 1.0, alminiyam 2.7, baƙin ƙarfe irin na rodi 7.85, tagulla tsakanin 8.4 da 8.7, jan ƙarfe 8.96, azurfa 10.5, dalma 11.3, zinari 19.3. Kuskuren da ya fi yawa a takardun da nake dubawa shi ne a manta raba faɗi biyu, a zuba 2.50 a gurbin r. Bolum sai ya ninka huɗu ya zama 117.8, densiti ya fito 0.67. Yaro ya ja layi biyu a ƙarƙashi ya miƙa takarda, bai tsaya ya tambayi kansa ba: ƙarfen da bai kai ruwa nauyi ba ai yawo zai yi a saman ruwa. Ka jefa shi a bokiti ka gani.

Kuma kada ka kwafe duk abin da kalkuleta ta zubo. Za ta ba ka 29.45625, amma awon da ka yi lamba uku ne masu ma'ana, don haka amsa ma ta tsaya a uku: 29.5. Gardamar 22/7 da 3.142 kuwa ba ta da amfani a nan. Tun zamanin Arkimidis, masanin lissafi Bagirke, wanda ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa, aka san 22/7 ya ɗan ɗara π kaɗan, amma ɗarawar kashi 0.04 ce cikin ɗari. Kuskuren rularku ya ninka wannan sau ɗari biyu. Yi amfani da wanda takarda ta ce.

Duk wannan na silinda cikakka ne, wadda ba rami a cikinta. In bututu ne, awo ya zama huɗu, domin faɗi biyu gare shi, na waje da na ciki. Ƙananan muƙamuƙan da ke saman baniya don na cikin aka yi su. A ce bututun ƙarfe mai faɗin waje santimita 6.0, na ciki 5.4, tsawo mita ɗaya. Fitar da filin da'irar waje, ka fitar da na ciki, ka cire: 6.0 × 6.0 ya ba da 36, 5.4 × 5.4 ya ba da 29.16, saura 6.84. Ninka da 0.785, wato π a raba huɗu, ka ninka da 100. Ƙarfen da ke jikin bututun santimita kubik 537 ne, nauyinsa zai kai kilo 4.2. Wanda ya fara cire 5.4 daga 6.0 sannan ya ninka 0.6 da kansa zai samu 28, ya ɓace nesa. Kowane faɗi sai an ninka shi da kansa tukuna a yi ragi. Sannan ka san abin da ake tambaya: ƙarfen jikin bututun ake so, ko ruwan da zai ɗauka? In ruwan ne, faɗin ciki kaɗai ya shafe ka.

Wannan 0.785 ɗin ka riƙe shi. Faɗi × faɗi × tsayi × 0.785 ya ba da bolum ba sai ka raba komai biyu ba, kuma da shi masu aikin gini ke tafiya.

Tunda an zo gini, bari in nuna maka inda wannan darasin naku na ɗakin gwaji yake zama kuɗi, har ya zama rai. Rodi silinda ne. Mu a jihar nan ba baƙonmu ba ne, tunda Katsina na ɗaya daga cikin garuruwa uku da gwamnatin tarayya ta kafa wa kamfanin mulmula ƙarafa, tare da Jos da Osogbo. Rodi mai milimita 12, in ka yi lissafin, mita ɗaya tana da santimita kubik 113, ka ninka da 7.85, ka samu giram 888. Sanda guda mai mita 12 kilo 10.7 ke nan, tan ɗaya kuma sanda 94 ko kusa da haka. To in aka ba ka mai milimita 11 da sunan 12, ido ba zai gane ba. Amma mita ɗaya tasa giram 746 ce. Milimita ɗaya ta tafi da kashi 16 cikin ɗari na ƙarfen, kuma ƙarfin rodi a cikin kankare da yawan ƙarfen yake tafiya. Dokar da ta raba ka da abokinka ita ce dai a nan, sai dai wannan karon rufin kankaren da mutane za su kwana a ƙarƙashinsa ne.

Ga inda abin ya ƙara daɗi. Rodi yana da zane-zanen ƙaya a jiki don ya kama siminti, saboda haka baniya ba ta ba da gaskiyar faɗinsa: ka kama kan ƙaya ka samu wani abu, ka kama tsakaninsu ka samu wani. Sai a juya lissafin. Tunda an san densitin ƙarfen, a yanki mita ɗaya daidai, a ɗora a sikeli, nauyin ya faɗi faɗin. Injiniyoyi suna taƙaita shi da lamba 162: faɗi a milimita, a ninka da kansa, a raba 162, ya ba da kilo a kowace mita. In mitar ta nuna kilo 0.75, ninka da 162 ka samu 121.5, lambar da aka ninka da kanta ta ba da haka kuwa 11 ce. Magana ta ƙare, ba sai an yi rantse-rantse a bakin shago ba. Duk mai gina gida da zai sayi rodi da yawa, shawarata ya sadaukar da mita ɗaya ya yi wannan gwajin.

Haka wayar lantarki, musamman yanzu da sola ta shiga kowane lungu. Waya mai lamba 2.5, wato filin bakinta milimita murabba'i 2.5, in ka feɗe robar, mita ɗaya ta jan ƙarfe zalla tana da santimita kubik 2.5, nauyinta giram 22 da ɗoriya. Akwai wadda alminiyam ce aka yi wa rufin jan ƙarfe a sama. Launi ɗaya, kauri ɗaya, amma a sikeli ba ta kai rabin wancan nauyin.

Manyan abubuwa kuma, irin tanki da duro, babu baniyar da za ta haɗiye su. A nan kewaye ake aunawa. Zagaya tef a jikin tankin ta waje, ka tabbata bai karkace ba, ka raba abin da ka samu da 3.142, faɗi ya fito. Wannan ya fi ɗora tef a saman baki ana laluben tsakiya, domin kuskuren da ka yi a kewaye shi ma an raba shi uku da ɗoriya. Sai dai faɗin waje ne ka samu, don haka cire kaurin jikin tankin sau biyu, na wannan gefe da na wancan. A ce bayan ka cire ya rage mita 1.10, tsayi kuma daga gindi zuwa inda ruwa ke tsayawa 1.05. Lissafi ya ba da mita kubik 0.998, lita 1,000 ke nan, jarka 40 masu lita 25. Kuma tunda densitin ruwa 1 ne, wannan ruwan tan ɗaya ne cif. Mai walda da zai haɗa gadon tankin lita 2,000 ya san tan biyu zai ɗora a sama, ban da nauyin tankin kansa. Duron ƙarfe da kowa ya sani, cikinsa kusan santimita 57 ne a faɗi, 85 a tsayi. In ka lissafa za ka samu lita 217 ko kusa, alhali ana kiransa mai 200 ko 208. Ba kuskure ka yi ba, ana barin sarari ne a sama saboda mai yana kumbura in ya ji zafi.

Tankin da ke tsaye, kowane santimita na zurfi ruwa ɗaya yake ɗauka, don haka sanda mai zane daidai-wa-daida ta isa. Wanda aka kwantar, irin na gidan mai ko na bayan tanka, ba haka yake ba. Rabin zurfi rabin tanki ne, gaskiya, amma rubu'in zurfi bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, saboda gindin a tsuke yake. Shi ya sa kowane irin wannan tanki yake da takardar awonsa ta daban.

Rijiya ma silinda ce, daga Kusugu har ta tsakar gidanku, in dai an haƙa ta a miƙe. Faɗin baki ta ciki, sai zurfin ruwan, ba zurfin rijiyar ba. Ɗaura dutse a busasshiyar igiya, ka zura har ya taɓa ƙasa, ka jawo ka auna inda ya jiƙe. Faɗi mita 1.2 da ruwa mita 3 sun ba da lita 3,390. Ma'aikatan lafiya sai sun yi wannan lissafin kafin su san yawan maganin da za su zuba lokacin annobar amai da gudawa. Rumbu kuwa, ko da ka fitar da bolum ɗinsa daidai, densitin da za ka ninka da shi na tarin hatsi ne haɗe da iskar da ke tsakanin ƙwayoyi. Masarar da aka ɓare tana kai kilo 720 a mita kubik, alhali ƙwayarta guda nutsewa take a ruwa. Tukunyar gas ta girki, duk da sunan silinda da ake kiranta da shi, sama da ƙasanta a dunƙule suke, kuma ba a cika ta fal, don haka da sikeli ake sanin abin da ke ciki: nauyinta yanzu, a cire nauyinta ba komai, wanda aka buga a jikinta.

In densitin abu mai ruwa-ruwa aka tambaye ka, silindar ta koma mazubi. Auna nauyin kwalbar awo ba komai, zuba ruwan, karanta bolum ta ƙasan lanƙwasar da saman ruwan ke yi, idonka daidai da ita, sake aunawa, cire na farko daga na biyu. Jarkar lita 25 ta ruwa kilo 25 ce, ta man gyaɗa kusan 23, ta dizal kusan 21, ta fetur tsakanin 18 da 19. A nan ne zafi ke da ta cewa. Zafin Afrilu na ƙasar nan, da yake wuce digiri 40, bai canza awon guntun ƙarfenka yadda baniya za ta gani, amma fetur yana kumbura kusan kashi ɗaya cikin ɗari a duk ƙarin digiri 10. A tanka mai lita 33,000 wannan ya haura lita 300. Dalilin ke nan da a harkar mai ake faɗin densiti tare da zafin da aka auna shi, ana mayar da shi kan digiri 15.

Akwai hanya ta biyu ta samun bolum ɗin guntun ƙarfe, kuma tana da kyau don tabbatarwa. Zuba ruwa a kwalbar awo zuwa 100, ɗaura ƙarfen da zare ka zura shi a hankali har ya nutse, ba kumfa a jikinsa. Ruwan zai hau zuwa wajen 129 ko 130. Ba ta kai baniya daidaito ba, tunda layukan babbar kwalba mililita bibbiyu suke tafiya, amma za ta tona babban kuskure nan take, kuma ita ce mafita in abin ya lanƙwashe ko ya lotse har ya daina zama silinda.

Densiti yana gaya maka abin da ƙarfe ba shi ba ne fiye da yadda yake gaya maka abin da shi ne. Wanda ya samu 2.7 ya san ba baƙin ƙarfe ba ne, ko an shafe shi da fenti. Amma tsakanin tagulla mai 8.7 da jan ƙarfe mai 8.96 tazarar kashi 3 ce cikin ɗari, don haka faɗin da aka auna da kuskuren kashi 2 ya isa ya rikita su. 'Yan gwangwan da ke sayen su a kilo ba sa tsayawa lissafi: su kankare jiki da wuƙa su ga launi, ja ne ko ruwan ɗorawa, su manna maganaɗisu su ware baƙin ƙarfe. Zinari ma yana da abokin tagwaitaka, wani ƙarfe da ake kira tongistin, mai densiti 19.25, wanda in aka lulluɓe shi da zinari sikeli da baniya ba za su raba su ba. Irin wannan sai an huda, ko a kai wa masu na'urar gwaji.